Cikin Auta Gida Biyu

Ranar da aka raba cikin Auta gida biyu, ni na riƙe waya. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

Auta 'yata ce ta ƙarshe. Aurenta ya mutu tana da goyon wata huɗu, ta dawo inda nake, wato gidan yayanta Babba, mai shagon taya. Ni ma ajiye nake a gidan, kamar tsohuwar kujerar da ake jin kunyar jefarwa. Mai gidan ta ainihi matar Babba ce, wadda kowa ke ce wa Anti, har shi mijin in ya manta. Sana'arta sayar da man shafawa ta waya. Tana zaune a ɗaki za ka ji tana ce wa matar da ba ta taɓa gani ba, "Haba 'yar'uwa, ai ke tawa ce."

Wata Talata da hantsi ta ƙwala mini kira. Na shiga na tarar ta kafa wata fitila mai kama da zobe a kan sanda, ta shimfiɗa tawul a ƙasa, Auta na kwance rigingine ta yaye riga zuwa ƙirji. Cikin mai jego ne, ba wani abin mamaki. Nankarwa ta zana shi daga cibiya zuwa mara, dama da hagu, kamar yadda ta zana nawa da na uwata.

"Mama, riƙe mini wayar nan haka. Kada ki ɗauki fuska, ciki kawai."

A hannunta akwai wani ɗan abu mai mariƙi kamar buroshin haƙori, kansa kuwa 'yar taya ce, jikinta duk ƙananan allurai suna ƙyalli.

Na ce, "Wannan kuma fa? Kifi za a kankare?"

"Kai Mama! Rola ce. Allura ɗari biyar da arba'in ne a jiki. Ana murza ta a kan nankarwa ko tabo, ta huhhuda fata. Sai jiki ya ɗauka ciwo ya ji, ya tashi gyara, garin gyaran ya haɗa da nankarwar ya shafe."

"Au, yaudarar jikin ake yi."

"Kimiyya ce."

"To ke ma ai uku kika haifa. Naki cikin ƙwai ne?"

Ta yi dariya har da dafa kafaɗata. "Ni fatata ba ta son wahala, Mama."

Dama an ce wanzami ba ya son jarfa. Na ce mata jikin yarinyar nan yana riƙe tabo, ta duba bayan kunnenta ta gani. Tun hujin kunne na yarinta wani ƙullutu ya fito mata kamar ƙwayar wake, har yau yana nan. Anti ko leƙawa ba ta yi ba, ta ce wancan hujin jahilci ne, wannan na zamani. Auta daga kwance ta ce, "Ba komai Inna, ai taimako ne." Haka take magana tun da ta dawo. In ka taka ta, ita za ta ba ka haƙuri. Mai cin abincin gidan wani ba ya cewa gishiri ya yi yawa.

Anti ta ɗauko jagirar girarta, ta ja layi daga cibiyar Auta ya sauka har mara. Ta ce gefen hagu za a yi wa aiki, gefen dama a bar shi yadda Allah ya yi shi. Bayan kwana talatin za a ɗauki hoto, duniya ta ga bambanci da idonta. Katan guda ta sayo na rolar nan, kuma mata ba sa sayen abu sai sun gani.

Ta fara murzawa. Sama da ƙasa, dama da hagu, sannan a karkace. Ba ƙara, sai wani ɗan ƙis-ƙis kamar ana taka busasshiyar ciyawa. Fatar ta yi ja, jini ya tsattsafo ɗigo-ɗigo kamar raɓa. Auta ta damƙe gefen tawul, 'yan yatsun ƙafarta suka lanƙwashe.

"Da zafi?"

"Kaɗan, Anti."

"Mama, hannunki na rawa, hoton zai lalace."

Na gyara riƙo. Allah ya gani, na gyara.

Da ta gama ta lakato wani haɗin mai da take kaɗawa da kanta a kicin, mai warin lemon tsami da wani abu mai hawa kai, ta shafe wurin. Nan ne Auta ta ce wash. Rolar kuwa ta tsoma ta a kofin shayi da ruwan zafi, ta girgiza sau biyu, ta jefa ta cikin durowar madubi, wurin mataji da ribom da tsofaffin 'yan kunne.

"Yauwa, tashi. Akwai wankin yara a bayan gida, kada rana ta wuce."

Haka aka ɗauko. Duk bayan kwana uku a shimfiɗa tawul, a sabunta layin jagira, a murza. Ana tashi daga tawul sai bakin famfo. Auta za ta goya 'yarta, ta ɗaure zani tamau, ƙullin ya zauna daidai kan inda aka huda. Ta sunkuya kan baho cikin rana, zufa na gangarawa, ruwan sabulun wanki na jiƙa gaban rigarta. Daga nan shara, daga shara girki gaban wuta. Ba wanda ya ce mata dole. A gidan nan ba a cewa dole, sai dai a ce, "Auta in kin samu sarari."

Sati na biyu wurin ya ƙi komawa kalarsa. Ja ya zauna, ƙaiƙayi ya sauka. Ina kallonta tana wanke-wanke, sai ta tsaya ta goga cikin da bakin baho, ta runtse ido.

Na ce wa Anti, "Wurin nan fa ya yi ja."

"Alhamdulillahi. Yana aiki ke nan."

Kwana uku bayan nan na ce, "Ya kumbura."

"Sabuwar fata ce ke turowa daga ƙasa."

Da ƙuraje suka feso, ƙanana masu farin kai, a jere bisa layin nankarwar, ta ce dattin ciki ne ke fita. Ni dai na daɗe a duniya, ban taɓa ganin ciwon da duk abin da ya yi alheri ne ba sai wannan. Da cikin zai tsage gida biyu, cewa za ta yi iska yake sha. Kuma ba ta fasa ba. A kan ƙurajen take bi da rola, ta farfasa su, ta kwashi abin da ke ciki ta kai inda babu.

Takardar da ta zo cikin kwalin rolar, Anti ta yar da ita tun ranar farko. Ni kuma ba na ganin takarda mai kyau a ƙasa in wuce, na ɗauka na ƙunshe ƙwayoyin hawan jinina a ciki. Da suka kusa ƙarewa na tafi wurin mai kemis na bakin titi da ƙunshin, don ya ga irinsu. Ya kwance, ya juye ƙwayoyin a tafin hannu, sai idonsa ya tsaya kan takardar.

"Iya, ke kuma gyaran jiki kika fara? Wa za a yi wa?"

"Ubanka. Karanta mini abin da ta ce."

Ya yi dariya, ya gyara tabarau, ya fara fassara mini layi-layi. Wai in an yi sau ɗaya, a bar fata ta huta sati huɗu zuwa shida kafin a sake. Wai a jiƙa abin cikin sifirit kafin a yi da bayan an yi, a bar shi ya bushe a gidansa. Wai bayan an yi kada a shiga rana, kada a yi aikin zufa, kada sabulu mai ƙarfi ko mai mai zafi ya taɓa wurin, kada tufa ta matse shi. Wai ba a yi a kan ƙurji ko fatar da ta riga ta yi ja. Wai mai irin jikin da tabo ke yi wa tudu, kada ma ya kusance shi.

Na ce, "Kai yaro, ko dai an ba ka labarin gidanmu ne kake yi mini ba'a?"

Ya daina dariya. "Sau nawa aka yi?"

"Bakwai."

"A wata nawa?"

"A sati uku."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce ko wace ce a kai ta asibiti, shi ba zai ba da magani a kan abin da bai gani ba.

Na dawo gida da takardata kamar mai ɗauke da sammaci. Na tarar da Anti a falo tana cin tuffa tana latsa waya. Na zayyana mata duk abin da aka karanta mini, ban rage ko ɗaya ba, don abin da ya shiga kunnena ba ya zuba.

"Mama ke nan. Wannan ai don masu jan kunne aka rubuta. Fatarsu kamar ta tumatir take. Mu tamu fatar mai kauri ce, sai an dage."

"Taki ba kin ce ba ta son wahala ba?"

"Kuma ni sati shida ina na gan shi? Kaya na ajiye, zafi na lalata man. Shi mai kemis ɗin me ya sani ban da ƙirga ƙwaya? Saura kwana tara fa, Mama. Yanzu in aka tsaya, wahalar da ta sha ta tashi a banza. Tausayinta nake ji."

Tausayi. Na juya kalmar a bakina, na rasa ta inda zan tauna ta.

Da yamma Babba ya dawo, na tare shi tun yana cire takalmi. Ya saurare ni yana murza wuya.

"Inna, wannan harkar mata ce, ni ina ruwana da ciki? Ita Autar ta ce ba ta so ne?"

Ya ɗaga murya ya kira ta. Ta fito da ludayi a hannu, 'yar na bayanta.

"Ke, an matsa miki ne?"

Ta dubi yayanta, ta dubi ƙofar ɗakin Anti da ke buɗe, ta dubi ƙasa. "A'a Yaya."

"To kin ji. Kuma Inna ki duba, gata ake yi mata. Mata kuɗi suke biya a yi musu wannan. Gobe in wani mijin ya fito, ai gara ya same ta a gyare."

Na ce, "Taya ce ita, da za a yi mata faci kafin a sayar?"

Ya ce in daina irin wannan magana gaban yara, ya shige wanka.

Aka yi na takwas, aka yi na tara. Ranar na tara ban riƙe waya ba, na ce hannuna na ciwo. Jarumtakata ke nan gaba ɗaya, kada in cika baki. Anti ta jingina wayar da gwangwanin madara, aiki bai tsaya ba.

Zuwa lokacin Auta ta daina goyo. Zani ba ya ɗauruwa. Sai ta saɓa 'yar a kafaɗar dama ta yi aiki da hannu ɗaya, ko ta ajiye ta cikin kwali kusa da famfo tana tsala kuka. In za ta ba ta nono sai ta kwanta ta gefe ta tokare 'yan ƙafafun da matashi, don shuri ɗaya a wurin sai ta ga taurari da rana. Rigarta na mannewa da ciwon, sai an jiƙa da ruwan ɗumi ake ɓamɓarewa. Ɗakinmu ya fara wani ɗan wari, irin wanda kowa ke ji ba mai faɗa.

Ranar kwana talatin Anti ta kunna fitilarta. Auta ta kwanta. Na tsaya bakin ƙofa. Gefen hagu ya yi baƙi ƙirin, ya kumbura, layukan nankarwar sun tashi sun yi kauri kamar an kwantar da igiyoyi ƙarƙashin fata, wasu na tsattsafo da ruwa. Gefen dama kuwa, wanda ba a taɓa ba, yana nan abinsa lumui. Nankarwarsa ma ta fara dusashewa don kanta, yadda ta kowace mace ke yi in an ƙyale ta ta yi watanni.

Anti ta daɗe tana kallo. Na ce a raina, yau dai gani ya kori ji. Na ga fuskarta ta canza, har na fara shirya abin da zan ce in ta nemi gafara, don ba na so in yi saurin yafewa.

Sai ta ɗauko auduga ta dandanne ruwan gefen hagu, ta bi shi da hoda. Ta ɗauko man zaitun ta shafe gefen dama har yana ɗaukar ido. Ta ɗauki hoto. Sannan ta kunna ɗaukar bidiyo, ta sa wannan muryar tata ta kasuwa mai zaƙi kamar an jiƙa sukari.

"'Yan'uwana mata, ku dubi ikon Allah. Ciki ɗaya ne wannan, ba haɗi ba ne, ga layi nan." Ta ɗora yatsa a gefen hagu. "Kun ga nan? Haka duk cikin baiwar Allahn nan yake da, har aurenta ya mutu a kan haka. Wannan gefen mun bar shi ba mu taɓa ba." Ta matsar da yatsa dama. "Nan kuma kwana talatin da rolarmu da haɗinmu. Ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah."

Ni ban iya karatu ba, amma na san hagu na san dama, da su nake cin abinci nake tsarki.

Na ce, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah."

Ta kashe wayar. "Mama, kin shigar mini da murya, sai na sake. Wa na cuta? Akwai fuskarta? Akwai sunanta? Kuma rolar tana aiki, na ga ta yi wa wasu. Jikin Auta ne mai gardama. In na nuna haka yadda yake, na yi wa kayan ƙarya."

Auta na kwance tana kallon silin. Hawaye ya gangara ya shige mata kunne. Ba a kan ciwon ba ne, na san 'yata. Wannan maganar ce, wai aurenta ya mutu a kan ciki.

Kafin sati katan ya yi rabi. Masu babur na ta sallama a ƙofa suna karɓar ƙunshi. Anti ta sayo wa Auta sabuwar doguwar riga mai faɗi, ta ce saboda iska ta riƙa shiga. An daina murza rola kam, ba don tausayi ba, aiki ya riga ya biya. Asibiti kuma ta ce a dakata tukuna, likitoci da tambayar tsiya, za su ɗaga ƙaramin abu ya zama babba. Ta ba ta wani man ta ce na sanyaya wuri ne.

Kaluluwa ta fito wa Auta a matsematsi, tana tafiya tana tale ƙafa. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, sannan ya zo ya zauna. Ranar Asabar da azahar tana shanya zanen gadon Anti, na ji tim. Na fito na same ta a ƙasa, zanen ya rufe ta rabi, jikinta kamar garwashi.

A asibiti nas ɗin da ta ɗaga rigar sai da ta ja da baya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Iya, me kuka tsaga mata da shi? Ku tsofaffin nan ba kwa jin magana. Kullum ana faɗa muku ku daina gargajiya."

Anti na tsaye kusa da ni da jakarta mai sarƙa, tana ƙamshi. Na jira ta buɗe baki. Ta buɗe kuwa.

"Wallahi Sista mun yi ta fama da ita. Sosawa take yi, ba ta jin hani. Ga shiga rana."

Na ce, "Rana kam ta shiga. Wankin gidanku ba ya bushewa a inuwa." Na kwance bakin zanena na ciro takardar nan na miƙa wa nas. Na ce sau tara, a wata ɗaya, da rola ɗaya, kofin shayi ne wankinta. Nas ta karanta, ta dubi Anti. Anti ta ce bari ta je ta ga ko an buɗe wurin karɓar kati.

Kwana shida muka yi. Ƙarin ruwa, allurai, wankin ciwo safe da yamma, Auta na cizon matashi. 'Yar tana hannuna, nono ya ja baya saboda zazzaɓi, muka koma madarar gwangwani, ta ƙi, ta karɓa don dole. Babba ya biya komai, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zo sau biyu ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ya jiki?" Ranar sallama likita, wata mace mai furfura a goshi, ta zaunar da mu. Ta ce ƙwayar cutar ta mutu, an yi sa'a ba ta shiga jini sosai ba. Amma fatar ta riga ta yi tabo mai tudu, irin na bayan kunnenta. Baƙin zai iya raguwa a hankali. Tudun kuwa akwai allurar da ke kwantar da shi kaɗan, amma kada wanda ya ce mata zai koma kamar da.

Auta ta ce, "To, na gode." Ita ke nan, ko hukuncin kisa aka yanke mata sai ta yi godiya.

Da muka dawo Anti ta yi mana girki da kaza. Tana zuba wa Auta ta ce, "Kin san wani abu? Akwai wata rolar mai dogayen allurai, ita musamman don tabo aka yi ta. In kin warke sai mu gwada." Na ajiye cokalina. Ta ce wasa take yi.

Washegari da safe na kama hannun Auta na ja ta har gaban Babba, yana zaune yana shan shayi zai fita.

Na ce, "Ɗaga rigarki ya gani."

Ya zabura har shayin ya zube, ya juya fuska bango. "Subhanallahi! Inna, mene ne haka? Cikin ƙanwata zan kalla? Ai bai halatta ba."

"Wanda ke cikin wayarka na wace ce? Ba kai ke tura wa abokanka su saya wa matansu ba? Na ji ka da kunnena."

"Wannan hoto ne, Inna. Ba fuska."

"To ga shi da fuska. Duba."

Bai duba ba. Yana kallon bango ya ce abin da ya faru ya riga ya faru, ƙaddara ce, kuma ita Anti ba da mugun nufi ta yi ba, ta yi kuka ma jiya ban gani ba ne. Ya ce ita ma Auta da laifinta, babba da ita, ba ta da baki ne? Na ce a cire hoton. Ya ce za a cire in kayan da suka rage sun ƙare, an riga an yi odar wani katan, ba a wasa da abincin gida. Ya ce, "Abincin nan har da ku ake ci." Ya faɗe ta a hankali, cikin ladabi, ya sa takalmi ya fita. Na haife shi, na san bai ji daɗin faɗa ba. Amma ya faɗa, kuma bai dawo ya janye maganar ba.

Sati uku bayan nan ciwon ya kame. Gefen hagu ya zama tudu-tudu, baƙaƙe, masu sheƙi, in zafi ya yi su yi ta ƙaiƙayi da tsikari. Har yau ba ta goyo sai da tsumma a ninke ƙarƙashin ƙulli.

Wata ranar da la'asar muna tsakar gida ni da ita, Anti na wanka, sai ga sallama. Wata yarinya ce, ba za ta wuce shekarun Auta ba, da jariri a kafaɗa, ta sha hanya, ƙafarta duk ƙura. Ta gaishe ni har ƙasa.

"Mama, nan ne gidan mai rolar nankarwa? Na ce bari in zo da kaina. Maigidana ne ya turo mini hoton, ya ce in nema."

Ina shirin buɗe baki, Auta ta riga ni. Ta ajiye tsintsiya. Ban taɓa jin muryarta haka ba tun da ta dawo gidan nan.

"Cikin da ke hoton nawa ne. Zo ki gani, 'yar'uwa, kafin ki saya."

Ta kama bakin rigarta ta yaye har ƙirji, a tsakar gida, da rana tsaka. Ta riƙe ta a sama, ba ta sauke ba. Ni kuwa zuciyata ta yi fari, na ce yau Auta ta yi baki.

Yarinyar ta matso, ta sunkuya, ta duba hagu, ta duba dama. Ta kai yatsa ta shafa gefen dama a hankali.

"Masha Allah! Wallahi na ɗauka haɗin waya ne. Ashe gaskiya ne. Kai, amma da kin sha fama." Ta nuna tudun. "Nawa ma bai kai haka muni ba, ke nan ni sati biyu ya ishe ni."

Auta ta ce, "Ba haka ba ne. Nan ɗin ne aka yi wa. Rolar ce ta yi mini haka."

Na ce, "Gaskiya ta faɗa miki, 'yata. Ni na riƙe wayar."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi Auta, ta yi ɗan murmushin da ake yi wa masu son hana ka alheri. Ta gyara jaririnta. Daidai nan Anti ta fito daga wanka tana ɗaure ɗankwali, ta ga rigar a sama, ta ga baƙuwa, ko gezau ba ta yi ba.

"Lale, lale 'yar'uwa! Kin ga abin da ido ko? Ƙanwar maigidan ce, tsoron allura ya hana ta ƙarasa ɗaya gefen, shi ya sa take kore mini mutane. Shigo daga ciki."

Yarinyar ta bi ta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce wa Auta, "Ki daure ki ƙarasa, Allah. Kyau sai da wuya."

Guda biyu ta saya, ɗaya nata ɗaya na yayarta. Da za ta fita ta sake durƙusawa ta gaishe ni, yarinya mai tarbiyya. Na riƙe hannunta na ce ko ba ta yarda da mu ba, ta kai takardar cikin kwalin a karanta mata kafin ta taɓa jikinta. Ta ce ai ta iya karatu, kuma Anti ta ce wannan ta masu jan kunne ce.

Auta na tsaye inda take, rigar har yanzu a hannunta. Na je na saukar mata da ita da kaina. Ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta, don sharar ba ta ƙare ba.